Yadda Za a Kare Iyali Daga Hayaƙi da Ƙura a Zangonnin Accra

Duk wanda ya taɓa fitowa sallar Asuba a Nima ko Mamobi cikin watan Janairu ya san yadda iskar wannan lokaci take. Hazo ya dusashe fitilun titi, hayaƙin murhun masu koko da masu waakye ya kwanta a lunguna ya ƙi tashi, ga kuma motocin trotro na farko sun tayar da injin suna tuttuɗo baƙin hayaƙi a bakin hanya. Mun saba da wannan har idanunmu sun daina ganinsa, shi ya sa idan yaro ya kwana yana tari sai mu ce sanyi ne ya shige shi, idan dattijo ya faɗi ɓarin jikinsa ya shanye sai mu ɗora wa hawan jini laifi mu tsaya nan, ba mu tambayi abin da ya shekara talatin yana shaƙa ba.

Ina da goggo wadda ta yi kusan rabin rayuwarta tana dafa waakye a kan itace don sayarwa. Da numfashi ya fara yi mata wuya aka kai ta asibiti, likita ya duba hoton ƙirjinta ya tambaye ta ko tana shan taba. Ranta ya ɓaci ƙwarai, da muka fito ta ce da ni, “Ɗana, ni da ko kusa da mai shan sigari ba na zama, yaya za a yi mini irin wannan tambaya?” Na ce, “Goggo, ki yi haƙuri, murhun nan ne ya sha miki ita.” Tun daga ranar nake da ra'ayi ɗaya a kan wannan al'amari, kuma a kansa na gina wannan bayani: hayaƙin da ya fi cutar da mutum shi ne wanda ya fi kusa da hancinsa kuma ya fi daɗewa a cikinsa. Don haka gyara yana farawa ne daga murhu da ɗakin kwana, sannan ƙofar gida, sannan titi.

Kafin a shiga matakan, yana da kyau a san abin da ake gudu. Mafi haɗari a cikin hayaƙi su ne ƙananan ɓurɓushi da masana ke kira PM2.5, waɗanda kaurin gashin kai ɗaya ya ninka su kusan sau 30. Gashin hanci da majina suna tare manyan ƙwayoyin ƙura, amma waɗannan suna wucewa har cikin ƙananan jakunkunan iska na huhu, inda suke haddasa kumburi, mafi ƙanƙantansu kuma su ratsa cikin jini. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, mafi yawan mace-macen da gurɓatar iska ke jawowa ta hanyar ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki suke zuwa, domin kumburin yana lalata jijiyoyin jini yana kuma sa jini saurin daskarewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iska, ta waje da ta cikin gida, tana kashe mutane kusan miliyan 7 a kowace shekara, kuma a cikinsu kimanin miliyan 3.2 hayaƙin girki ne ajalinsu a shekarar 2020, har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. A 2021 hukumar ta sauke mizaninta zuwa maikirogiram 5 na PM2.5 a kowace kubik mita ta iska a matsakaicin shekara, da 15 a matsakaicin yini. Kicin da ake hura itace a cikinsa ba tare da taga ba yana iya ninka wannan adadi sau goma-goma.

A fara daga murhu

Mataki na farko ba ya cin ko pesewa ɗaya, wato a fitar da murhu waje. Gawayi yana fitar da mafi yawan hayaƙinsa ne a lokacin da ake hura shi, saboda haka a kunna shi a tsakar gida, a bar shi ya kama sosai har ya zama jan garwashi, sannan a ɗora tukunya. Idan ruwan sama ya tilasta a koma ƙarƙashin rufi, baranda ta fi ɗaki, kuma idan babu makawa sai ɗakin, a buɗe ƙofa da taga a lokaci guda, domin iska ba ta fita sai ta sami inda za ta shigo. Mai girki ta lura da inda iska take kaɗawa ta zauna ta ba ta baya, yadda hayaƙin zai tafi gaba maimakon ya dawo fuskarta. A Accra iskar teku takan taso daga kudu da rana, don haka wurin zaman da ya dace da safe ba lallai ya dace da yamma ba.

Abin da ake hura wutar da shi ma yana da muhimmanci. Ya zama ruwan dare a gidajenmu a tura ledar piya wata ko ɓallen roba a ƙarƙashin gawayi domin ya yi saurin kamawa. Wannan ɗabi'a ce da nake roƙon kowace uwa ta daina daga yau, domin roba idan ta ƙone tana fitar da guba iri-iri waɗanda itace ba ya fitarwa, kuma mai hurawa tana sunkuye ne a kanta tana fifita, hancinta bai fi taku ɗaya daga wutar ba. Ƙirare busassu, ɓawon kwakwa ko takarda sun isa. Itace kuwa a tabbatar ya bushe, a faskara shi ƙanana, domin ɗanyen itace hayaƙi yake yi fiye da wuta.

Daga nan sai a rage daɗewar wutar kanta. Wake idan aka jiƙa shi tun dare yana nuna cikin ɗan lokaci, tukunya mai murfi ta fi buɗaɗɗiya saurin tafasa, kuma idan an yanka albasa an niƙa tattasai an jera komai kafin a hura wuta, ba za a bar gawayi yana ci a banza ba. Kowane minti da aka rage a kan wuta, an rage shi ne daga huhun mai girki da kuma kuɗin gawayi.

Akwai batun goyo, wanda shi ne ya fi damuna. Uwa tana tuƙa tuwo, jaririnta yana bayanta, kansa ya leƙo ta kafaɗarta daidai inda hayaƙi yake tashi. Jariri yana numfashi da sauri fiye da babba, yana shaƙar iska mai yawa idan aka kwatanta da nauyin jikinsa, huhunsa kuma bai gama ginuwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta kusan rabin mutuwar ƙananan yara ta ciwon nimoniya da hayaƙin cikin gida. A gidan haya mai yawan jama'a ba a rasa kaka ko maƙwabciya ko yayar da za ta riƙe yaro na awa ɗaya, kuma wannan alfarma ce da bai kamata a ji nauyin nema ba. Haka ma mai juna biyu. Binciken da aka yi a cibiyar binciken lafiya ta Kintampo, a nan ƙasarmu, ya nuna cewa matan da suka fi shaƙar hayaƙin girki lokacin da suke da ciki, jariransu kan zo da huhu mai rauni fiye da na sauran. Ke nan hayaƙin yana isa ga yaro tun kafin ya ja numfashinsa na farko, kuma miji ko uwar miji da suka ɗauke wa mai ciki girkin itace sun yi wa ɗansu gata.

Wanda yake da hali ya sauya murhun. Murhun gawayi mai yumɓu a ciki, irin Gyapa da ake sayarwa a kasuwanninmu, yana riƙe zafi yana rage cin gawayi, amma kada a ɗauka ya kawar da haɗarin, domin har yanzu gawayi ne. Gas shi ne babban sauyi ga huhu. Na san gidaje da yawa da suke tsoronsa, musamman tun gobarar da ta tashi a tashar gas ta Atomic Junction a watan Oktoba na 2017, kuma tsoron yana da dalili. Maganinsa shi ne kula: tukunyar gas ta tsaya a tsaye a inda iska ke ratsawa, a riƙa shafa ruwan sabulu a bakin tiyo da kan tukunyar domin kumfa za ta nuna inda yake zuba, a sauya tiyon da ya fara tsagewa, a kunna ashana kafin a murɗa, a rufe kan tukunyar bayan an gama. Idan aka ji warin gas, kada a taɓa makunnin lantarki, a buɗe ƙofofi a fita da kowa. Ko da kuɗin gas bai isa girkin wata gaba ɗaya ba, a yi amfani da shi a girkin safe da ɗumame da dafa ruwa, wato lokutan da yara suke kewaye da uwa, a bar gawayi ga dogon girki a tsakar gida.

Masu sana'ar wuta, wato masu waakye da masu ƙosai da masu tsire da masu ƙyafe kifi, su ne suka fi kowa shan wannan hayaƙi, kuma ba za a ce su bar abincinsu ba. Abin da za su iya shi ne su ɗaga rufin rumfa ko su buɗe masa kafa a sama, su yi karɓa-karɓa a bakin wuta maimakon mutum ɗaya ya wuni a wurin, su ajiye bencin masu saye da shimfiɗar yara a ɓangaren da iska take fitowa. Wadda ta shekara goma a wannan aiki ta riƙa zuwa awon jini, ta kuma sa a duba idonta, domin hayaƙin itace yana cikin abubuwan da ke kawo yanar ido.

Ɗakin kwana

Hayaƙin kicin a hankali yake cin mutum, amma na ɗakin kwana yana iya kashewa a dare ɗaya. Garwashi, ko da ya daina hayaƙi ya yi jawur, yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari kuma ba ta da launi. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sama da sau 200, saboda haka mai barci ba ya jin komai har ya suma. Kada a shigar da garwashi ɗaki a rufe ƙofa don jin ɗumi a lokacin hunturu, kuma wannan ya haɗa da ɗakin mai jego, inda al'ada ta sa ake son zafi. Bargo da ruwan wanka mai ɗumi da tufafi masu kauri za su yi aikin ba tare da haɗari ba. Janareta ma haka yake. Idan wuta ta ɗauke, kada a kunna shi a baranda ko a lungun da ke tsakanin ɗakuna, a kai shi fili, kimanin mita 6 daga kowace taga, bututun hayaƙinsa yana kallon waje. Alamar da za a riƙe ita ce wannan: idan mutane biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya lokaci guda, kada a ce zazzaɓin cizon sauro ne. A fitar da su iska nan take, a kira 112 ko a garzaya asibiti.

Turaren wuta yana da daraja a gidajenmu, kuma ba na cewa a bar shi. Amma hayaƙi ne, ƙamshinsa bai hana shi shiga huhu ba. A turara ɗaki lokacin da babu kowa a ciki, a fitar da kaskon, a buɗe taga na ɗan lokaci kafin a shigo da jariri ko mai asma, ƙamshin zai zauna a labule da tufafi. Maganin sauro na kunnawa ya fi turare muni, domin yana ci ne dare guda cur a rufaffen ɗaki. Wani bincike da aka wallafa a 2003 ya gano cewa ɓurɓushin da guda ɗaya ke fitarwa ya kai na karan sigari 75 zuwa 137. Gidan sauro mai magani, wanda ake raba wa masu ciki a wurin awo, ya fi shi kariya kuma ba ya hayaƙi. Game da sigari da shisha, dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta hana shan taba a wuraren taruwar mutane, amma doka ba ta shiga ɗakin kwana, sai maigida ya kafa tasa.

Ƙofar gida da titi

Ƙona bola a bakin kwata shi ne hayaƙin da muke yi wa juna da hannunmu. Sharar yanzu cike take da roba, kuma wutar bola ba ta ci da ƙarfi, turnuƙewa take yi awa da awanni, galibi da magariba ko da asuba, lokacin da iska mai sanyi take danne hayaƙi a ƙasa ya shiga ta tagogi. Hanyar da na ga ta yi aiki ita ce mutanen gida su haɗa kuɗin mai aboboyaa, wato babur mai ƙafa uku da ke kwashe shara, tare, a ware ledojin ruwa da robobi a buhu domin akwai masu saye, sauran abinci kuma a ba masu kiwo. Idan maƙwabci ne yake ƙonawa, magana mai daɗi ta fi faɗa, in ta ƙi a kai wa limami ko sarkin zango ko wakilin unguwa a majalisar gunduma. Da Babbar Sallah kuma, a guji babbake kai da ƙafafu da tsohuwar taya. Baƙin hayaƙin taya yana cutar da mai babbakar da duk layin, gubarsa kuma tana manne wa fatar da za a ci. Itace ko wutar gas sun wadatar.

'Yan'uwanmu masu sana'ar gwangwan sun san abin da ƙona waya don fitar da jan ƙarfe yake yi wa ƙirji. An rushe filin 'yan gwangwan na Agbogbloshie a 2021, amma aikin ya watsu ne zuwa wasu wurare. Feɗe waya da wuƙa ko da injin feɗewa ya fi cin lokaci, sai dai jan ƙarfen yana fita da tsabta, mutum kuma ya tsira da huhunsa.

A kan titi ikonmu kaɗan ne. Tun 2012 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke haddasa sankara, kuma ko da yake a 2017 Ghana ta rage farar wutar da aka yarda da ita a man da ake shigowa da shi daga kashi 3,000 zuwa 50 cikin miliyan, tsofaffin injuna suna nan suna aiki. Abin da ke hannunmu shi ne tazara da lokaci. Hayaƙin mota yana raguwa sosai da zarar an matsa daga bakin kwalta, don haka yaran makaranta su bi ta lungu maimakon gefen babban titin Nima ko na Kanda, mai talla a Circle ko Kaneshie ko Lapaz ya kauce wa bayan motar da ke tsaye injinta yana aiki, direba kuma ya kashe mota idan yana jiran lodi. Mai motsa jiki ya nemi fili nesa da hanya, kada ya yi gudu a gefen cunkoson safe.

Hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana kawo ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga ƙwarin Bodele a ƙasar Chadi, ta haɗu da hayaƙin gari. A irin waɗannan ranaku a yayyafa ruwa kafin shara, a goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kakkaɓewa, a rufe tagogin da ke fuskantar titi idan ba girki ake yi ba. Manhajoji irin su IQAir suna nuna yanayin iskar Accra a waya da launuka: kore lafiya lau, ruwan lemo gargaɗi ne ga yara da tsofaffi da masu asma, ja kuwa da launukan da ke samansa, wato daga maki 151 zuwa sama, gargaɗi ne ga kowa. Takunkumin da ke tace ɓurɓushi shi ne mai lamba N95 ko KN95, kuma sai ya manne a hanci da kumatu yake aiki. Gyale ko hankici yana tare manyan ƙwayoyin ƙura ne kawai. Babu ɗaya daga cikin waɗannan takunkuma da ke tare kabon monoksaid, kuma ba a sa wa yaro ɗan ƙasa da shekara biyu.

Lokacin zuwa asibiti

Kowace uwa ta koyi ƙirga numfashin ɗanta. A bari yaro ya natsu, a ɗaga rigarsa, a ƙirga ɗagawar cikinsa na minti ɗaya cikakke da agogon waya. Idan jariri bai kai wata biyu ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya iyakar ita ce 50, daga shekara ɗaya zuwa biyar kuwa 40. Yaro mai tari da ya kai wannan adadi, ko wanda ƙasan ƙirjinsa yake lotsawa ciki idan ya ja numfashi, ko ya kasa shan nono, ko leɓɓansa suka sauya launi, asibiti za a kai shi a ranar, ba kantin magani ba. Allurar rigakafin nimoniya tana cikin alluran awon yara a Ghana tun 2012, a duba katin yaro a tabbatar ya cika ta.

Babba da ya yi mako biyu yana tari ya je a gwada majinarsa, domin gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu tun kafin hunturu ya shigo, kada ya saurari masu cewa yana zama jaraba, domin ba ya zama. Mai hawan jini kada ya yi wasa da maganinsa a watannin ƙura. Ciwon ƙirji mai danna mutum, ko karkacewar baki, ko mutuwar hannu farat ɗaya, ba sa jiran gari ya waye.

Idan an shiga wurin likita, a Mamobi ne ko Ridge ko Korle Bu, a faɗa masa abin da ake girki da shi, a ina ake yi, awa nawa a rana, da shekarun da aka yi ana yi, ko da bai tambaya ba. A faɗa masa idan ana kunna maganin sauro ko turare a ɗakin da yaron yake kwana, ko kuma shagon yana bakin tasha. Wannan bayani yana sauya gwajin da zai rubuta da maganin da zai bayar. A tafi da katin inshorar lafiya wanda aka sabunta, da kwalayen duk magungunan da aka riga aka sha a gida.